Alamar Zancen Wani: Ƙaramar Alama, Babbar Amana

A ranakun Talata da Laraba da Alhamis, sa'ad da Majalisar Tarayya ke zama a Abuja, akan faɗi dubban kalmomi a zaurukan nan biyu, watau na Dattawa mai kujera 109 da na Wakilai mai kujera 360. Kafin gari ya waye, kaɗan daga cikin kalmomin nan sun fito a jaridu, an killace su tsakanin waɗansu 'yan alamomi masu kama da waƙafi da aka rataye a saman layi, biyu a farko biyu a ƙarshe. Su ne malaman Hausa ke kira alamar zancen wani. Galibin masu karatu ba su ko lura da su, amma duk marubucin da ya buɗe wannan alama ya rufe, to, ya ɗauki alkawari ke nan cewa abin da ke tsakani shi ne ainihin abin da ya fito daga bakin mai magana, ba ƙari ba ragi. Idan alkawarin ya karye, mutuncin mutum biyu ne ke zubewa: na wanda aka ƙaga wa magana da na wanda ya rubuta.

ABIN DA YA FARU A 2016

Wanda ke ganin al'amarin nan wasan 'yan makaranta ne, sai ya tuna da abin da ya auku a Abuja cikin watan Satumba na 2016. A wajen ƙaddamar da wani shiri na gyaran halayen jama'a, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta jawabi wanda aka shirya masa. Ba a daɗe ba sai wani ɗan jarida ya gano cewa wani sashe na jawabin kusan kalma da kalma aka ɗauko shi daga jawabin da Barack Obama ya yi a 2008, daren da ya ci zaɓen Amurka. Fadar Shugaban Ƙasa ta amsa laifi ta bakin kakakinta Malam Garba Shehu, ta ce za a hukunta wanda ya yi wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne, aron magana ba laifi ba ne, shugabanni sun saba kawo zancen magabatansu. Da wanda ya rubuta jawabin ya sa alamar zancen wani, ya ambaci mai maganar, da babu abin da zai biyo baya sai yabo. Rashin 'yan alamomin nan da rashin suna guda ɗaya su suka mayar da aro ya zama abin kunya a idon duniya.

ƘA'IDOJIN TURANCI

Tun da yake da Turanci ake gudanar da yawancin harkokin mulki a babban birnin, ya kamata mai karatu ya san yadda masu harshen suka tsara abin. Ƙa'idojin ba su da yawa.

Na farko, idan an gabatar da mai magana, sai a sa waƙafi, a buɗe alama, a fara maganarsa da babban baƙi, ko da kuwa a tsakiyar layi ne, domin jimlarsa sabuwa ce mai cin gashin kanta. Haka abin yake a Hausar boko: Ministan ya ce, "Za a biya albashi gobe."

Na biyu, idan maganar ce ta riga zuwa, ba a rufe ta da aya, sai da waƙafi, sa'an nan abin da ya biyo baya ya fara da ƙaramin baƙi: "Za a biya albashi gobe," in ji ministan. Amma idan tambaya ce, alamar tambaya ke maye gurbin waƙafin, kuma a cikin alamar zance take zama, gama mai maganar ne ya yi tambayar, ba marubuci ba.

Na uku, idan an raba jimla guda gida biyu aka saka sunan mai magana a tsakiya, kashi na biyu da ƙaramin baƙi yake farawa, don jimlar ba ta ƙare ba tukuna. In kuwa ta ƙare, sai a sa aya, a soma sabuwa da babban baƙi.

Na huɗu, kowane sabon mai magana da nasa sabon sakin layi. Idan kuma maganar mutum ɗaya ta yi tsawo har ta ci sakin layi uku ko huɗu, akan buɗe alama a farkon kowanne, amma ba a rufewa sai a ƙarshen na ƙarshe.

Ga misalin da ke nuna nauyin abin. A rubuta: The judge said, "The witness is a liar." Ma'ana, alƙali ne ya ce mai ba da shaida maƙaryaci ne. A sake rubuta kalmomin nan takwas a bisa jerinsu, a canza wurin alamomi kawai: "The judge," said the witness, "is a liar." Yanzu kuma mai ba da shaida ne ya ƙaryata alƙali. Ba a taɓa kalma ko ɗaya ba, amma zance ya juye. Wakilin jarida da ya yi wannan kuskure a labarin shari'a, sai ya nemi lauya.

Har ila yau akwai bambanci tsakanin ƙasashe. Maɗaba'un Ingila da yawa sun fi son alama ƙwaya ɗaya a kowane gefe, su ajiye tagwaye don zancen da ya faɗo cikin wani zance. Amurkawa kuwa akasin haka suke yi, kuma kullum a ciki suke sa aya da waƙafi. Faransawa nasu daban ne, masu kama da kan kibiya a kwance, kuma su ne ɗan makaranta a Maraɗi ko Damagaram ya fi sabawa da su. A Nijeriya ana ganin salon Ingila da na Amurka duka, wani lokaci a shafi guda. Ko wanne marubuci ya zaɓa daidai ne, muddin ya tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Ɗalibai masu zana jarrabawar WAEC da NECO su ma su kula, domin akwai makin da aka keɓe don daidaiton rubutu, kuma kuskuren alama da na babban baƙi na cin sa.

AMANAR TA RIGA BOKO

Kada a zaci Turawa ne suka koya wa Hausawa kiyaye maganar wani. Alamar ce baƙuwa, amanar kuwa 'yar gida ce. Malaman Hadisi sun daɗe da rarrabe riwaya da lafazi da riwaya da ma'ana, suka gindaya sharuɗɗa masu tsanani ga wanda zai kawo ma'ana kaɗai. Shi ya sa har gobe malami a zaure, idan ya kawo Hadisi bai tabbatar da lafazinsa ba, yakan rufe da cewa ko kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa. A littattafan Larabci kuma, idan marubuci ya gama kawo maganar wani malami, yakan rubuta "intaha", watau zance ya ƙare, don kada a gauraya nasa da na wanda ya ɗauko.

Harshen Hausa kansa yana da nasa ma'auni. Akwai "ya ce", akwai "in ji", akwai "cewa", ga kuma "wai", wadda mai magana ke amfani da ita don ya tsame hannunsa daga abin da bai tabbatar ba. Sa'ad da rubutun boko ya kafu, musamman bayan fitowar Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam da kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, sai alamomin Turanci suka shigo suka zauna tare da waɗannan kalmomi.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa a rubutun Hausa yake. Idan aka rubuta: Gwamna ya ce zai zo, to, labari ne marubuci ke bayarwa, ba ya bukatar alama. Idan kuwa ana son maganar gwamnan da bakinsa, sai wakilin suna ya canza: Gwamna ya ce, "Zan zo." Amma sau da yawa akan ga an rubuta "zai zo" a cikin alama, alhali gwamna bai faɗi haka ba. In ma ya faɗa, to, wani yake nufi ba kansa ba. Haka nan "cewa" da alamar zance ba su cika zama inuwa ɗaya ba, kamar yadda takwararta ta Turanci ke nuna cewa ba ainihin lafazin mai magana ne ke tafe ba.

MATSALAR FASSARA

Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. A aikace dai Turanci ne ke aiki. Majalisa tana da nata kundi da ake kira Hansad, wanda ya samo suna daga iyalin da suka riƙa buga muhawarar majalisar Ingila. A al'adar wannan kundi akan rubuta maganar kowane ɗan majalisa kusan kalma da kalma, a cire maimaici da tuntuɓen harshe kaɗai, ba tare da an taɓa ma'ana ba.

To, wakilin jaridar Hausa nauyinsa ninki biyu ne. Da Turanci ya ji magana, da Hausa zai rubuta. Duk abin da ya sa cikin alama, kalmominsa ne aka jingina wa wani. A ranar 29 ga Mayu 2015, a Dandalin Eagle, Shugaba Buhari ya faɗi jimlar nan da ta shahara a jawabinsa na kama mulki, wadda aka fi fassarawa da cewa shi na kowa ne, kuma shi ba na kowa ba ne. Gajeriyar jimla ce mai sauƙi, duk da haka mai fassara yana da zaɓi: ya ce "ba na kowa ba ne", ko ya ce "ba wanda ya mallake ni". Ta farko ta fi kusa da lafazi, ta biyu ta fi kaifi, kuma mai karatu a Funtuwa ko Gusau ba shi da hanyar sanin wadda aka ba shi. In haka ta faru da jimla guda, ina ga doguwar muhawarar kasafin kuɗi?

Mafita ita ce, mai fassara ya keɓe alamar ga maganar da ya tabbata ya kawo ta sak, mai muhimmanci, wadda ya ɗauka a rikoda ko ya gani a rubuce. Saura kuwa ya ba da su a matsayin labari, ba tare da alama ba. Wannan bai rage wa labari daraja ba, sai ma ƙara masa gaskiya.

HAR GABAN ALƘALI

Batun nan ya taɓa kaiwa Kotun Ƙoli ta Amurka. Wani masani mai suna Jeffrey Masson ya kai ƙarar marubuciya Janet Malcolm da mujallar The New Yorker, yana zargin an sa masa cikin alamar zance kalmomin da bai faɗa ba. A hukuncinta na 1991, kotun ta nuna cewa mai karatu yakan ɗauki abin da ke cikin alama a matsayin lafazin mai magana, kuma gyara kalma ba ya zama ɓata suna sai idan ya canza ma'ana ta ainihi. Daga baya, a 1994, marubuciyar ta yi nasara, amma bayan shari'ar ta ci kusan shekara goma.

A yau kuwa abin ya ƙara tsanani. Kowa da wayarsa ya zama mai buga labari. Akan ɗauki hoton wani babban mutum, a liƙa masa jimla cikin alamar zance, a watsa a Facebook da WhatsApp, kafin ya ce bai faɗa ba magana ta zaga ƙasa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ta baki ke nan, balle wadda aka rubuta.

Saboda haka, mai karatu ya riƙa tambaya duk sa'ad da ya ga alamar nan: wa ya faɗa, a ina, yaushe, kuma da wane harshe? Marubuci kuma, ko ɗan jarida ne, ko magatakardan kotu, ko sakataren da ke rubuta bayanin taro a wata ma'aikata, ya yi koyi da malaman zaure. Abin da ya ji da kunnensa ya kiyaye lafazinsa, ya killace shi. Abin da ma'anarsa kaɗai ya riƙe, ya faɗi haka a fili. Allah ya sa a kiyaye.