Yadda ƙwayar halitta ke cin abinci ba tare da baki ba

Kamar yadda masana suka tabbatar, jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani na maiƙo mai raba cikinta da waje. To amma fa ƙwayar ba ta da baki, alhali kuwa tana bukatar kaya masu girma da jini ke kawo mata, kamar kolesterol da sinadarin ƙarfe. Ta ina ke nan suke shiga? Tantanin ne da kansa yake lotsawa ciki ya zama rami, ramin ya zama ƴar jaka, sannan a tsinke wuyan jakar ta faɗa ciki da kayanta. Wannan aiki shi ne masana ke kira andositoz.

A shekara ta 1964 ne wasu masana biyu na Amurka, Thomas Roth da Keith Porter, suka hango waɗannan ramuka a jikin ƙwan sauro yana ɗibar abinci. A 1975 kuma Barbara Pearse, a birnin Kambirij na Ingila, ta ware furotin ɗin da ke lulluɓe ramin, ta raɗa masa suna kilatirin. Shi dai kilatirin ƙafa uku gare shi, kuma ƙafafun ne ke sarƙewa da na ƴan uwansa su saƙa kwando mai gidaje irin ɗinkin ƙwallon ƙafa. Ƙanƙantar kwandon ta kai a jera kimanin 10.000 kafin su cika milimita guda.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, aikin na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne tsakanin furotin da siffar tantanin. A 2004 wasu masu bincike a Kambirij suka nuna cewa akwai furotin masu kama da jinjirin wata, waɗanda suka fi son manna wa inda tantani ya riga ya fara lanƙwasa, kuma da zarar sun manne sai su ƙara lanƙwasa shi. Wato lanƙwasar ce ke kiran ma'aikata, su kuma su ƙara mata zurfi. Idan wuyan jakar ya tsuke, sai wani furotin mai suna dinamin ya naɗe shi kamar yadda ake ɗaure bakin buhu, ya shaƙe har ya tsinke. Inda kuwa tantanin ya ɗame kamar fatar ganga, sai zaruruwan aktin sun taimaka da turi. Duka aikin yakan ɗauki kamar minti guda.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da wannan? Ai kuwa da ruwanmu. Likitoci biyu na birnin Dallas, Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1985, sun gano cewa ta wannan hanya ce ƙwayoyin jiki ke kwashe kolesterol daga jini. Har sun ci karo da wani majinyaci wanda ƙwayoyinsa ke kama kolesterol ɗin sarai, amma ba sa iya kai shi cikin ramin, sai ya yi ta taruwa a jini yana toshe jijiyoyin zuciya. Ciwon yawan kolesterol na gado yana shafar kimanin mutum 1 cikin 250.

Misalin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne masassarar cizon sauro, wadda ke cika gidajen likita na ƙasarmu da yara kowace damina. Ƙwayar cutar tana zaune ne cikin jan ƙwayar jini, tana haɗiyar hemogulobin ta hanyar lotsa nata tantanin. Maganin artemisinin, wanda ke cikin haɗin magunguna irin su Coartem, ba ya tashi aiki sai ya haɗu da ƙarfen da ke fita daga abin da cutar ta haɗiya. A 2020 masana a birnin Hambug na Jamus suka nuna cewa furotin mai suna Kelch13 yana cikin masu wannan haɗiya, kuma idan ya sauya sai cutar ta rage ci, maganin ya rasa abin da zai tashe shi da wuri. Ashe da ƙaramar loma take ƙoƙarin tsira. An fara ganin wannan turjiya a Kambodiya, sannan aka ba da rahotonta a Ruwanda a 2020 da Uganda a 2021.

Saboda haka, ƴan uwa masu karatu, yayin da masana ke ci gaba da bin diddigin wannan ɗan rami, namu aikin shi ne mu je a auna jini kafin shan magani, mu guji na ƴan tebur, mu kuma shanye na kwana uku ɗin nan cif ko da jiki ya yi sauƙi. Maganin da aka bari a rabi, cutar da ta fi taurin kai yake bai wa damar yaɗuwa.