Kunne Kafin Hannu: Yadda Mai Koyon Kiɗa Zai Horar da Jinsa

A zamanin da, yaron da zai zama makaɗi a ƙasar Dutsin-Ma ko Kurfi ba a yanka masa lokacin darasi. Ya buɗe ido ne ya ga kalangu rataye a ɗakin mahaifinsa, ya tashi yana bin manya zuwa gidan biki da na suna, da wurin gayya, da rumfar mahauta ranar kasuwa. Aikinsa na farko ɗaukar kaya ne. Daga baya a ba shi ƙaramar ganga irin kuntuku ya riƙa maimaita bugu guda, ko a sa shi cikin 'yan amshi. Kafin ya rataya babban kalangu ya yi shekaru yana ji. Turawa biyu da suka yi nazarin kiɗan Hausa a Zariya da Katsina, watau David Ames da Anthony King, waɗanda littafinsu ya fito a 1971, sun tarar da kiɗa galibi sana'ar gado ce. Ko Alhaji Mamman Shata na Musawa, wanda ya rasu a 1999, da bai gaji waƙa ba, a dandali da kasuwanni ya sami tasa makarantar, kuma da kunne ya yi karatun.

Yau al'amarin ya sauya. Ɗalibin sakandare yana aji tun safe har azahar, da yamma ga Islamiyya ko aikin gida. In yana sha'awar kiɗa, sai ya sami wani makaɗin kalangu ko gurmi, ko mai situdiyo da ya iya fiyano, ya riƙa zuwa wurinsa sau ɗaya ko biyu a mako. Mako yana da awa 168, darasin kuwa bai wuce awa ɗaya ko biyu ba, kuma kusan dukkansa a kan hannu yake ƙarewa: riƙe nan, danna can. Abin da ya ɓace a wannan sabon tsari shi ne waɗancan shekaru na sauraro da ɗan makaɗi yake samu kyauta. Shi ya sa akan ga yaro hannunsa ya faɗa, amma in ya kauce wa kari bai san ya kauce ba, sai an gaya masa.

Abin da ke faruwa a cikin kunne

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. In an bugi fatar ganga, sai ta yi ta kai da komowa da sauri, ta tura iskar da ke kusa da ita, har girgizar ta iso dodon kunne. Daga nan wasu 'yan ƙasusuwa uku, waɗanda su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, su miƙa ta zuwa wani sashe mai siffar katantanwa da ke cike da ruwa. A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000 a kowane kunne, kuma su ke mayar da girgiza ta zama saƙon da jijiya za ta kai ƙwaƙwalwa. Wani masani haifaffen ƙasar Hungari, Georg von Békésy, ya nuna cewa bakin katantanwar yana amsa siraran sautuka, can ƙuryarta kuma kakkaura. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1961. Kunnen yaro mai lafiya yana iya kama girgiza daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a cikin sakan ɗaya.

Kalangu kansa darasi ne na kimiyya. In makaɗi ya matse shi a hammata, igiyoyin da suka haɗa fatun biyu sai su ja su su ɗame, fatar ta riƙa girgiza da sauri, sauti ya yi sama. In ya sassauta, sauti ya sauko. Haka tsarkiyar goge: in yatsa ya raba tsawonta biyu, yawan girgizarta ya ninka. Yanayi ma yana da hannu a ciki, domin fata takan ɗame da hunturu ta saki da damina, abin da ya sa makaɗa ke shanya ganga a rana ko su kara ta kusa da wuta kafin wasa.

Sai dai duk wannan ji ne kawai, kuma ji yana faruwa ko mutum ya so ko bai so ba. Sauraro aikin ƙwaƙwalwa ne: ita ke zaɓen sauti ɗaya daga cikin tarin sautuka, ta bi shi, ta kwatanta shi da wanda ta adana. Ba a iya ƙara wa kunne ƙwayoyin gashi, amma ana iya horar da ƙwaƙwalwa.

Jarin da Bahaushe yake da shi

Mai magana da Hausa ya fara wannan horo tun yana goye, ba tare da ya sani ba, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Ɗaliban da suka yi nazarin harshe sun san karin sama da karin ƙasa da faɗau. Kalmar "kuka" in aka faɗi gaɓoɓinta biyu a sama, hawaye ake nufi. In ta biyu ta sauko, itaciya ce mai miya. "Baba" tana iya zama mahaifi, ko gwaggo, ko shukar da ake rini da ita, ya danganta da hawa da saukar murya. Wannan hawa da sauka, tare da tsawo da gajartar gaɓa, su ne kalangu yake kwaikwayo in an ce yana magana. Mahauci ko manomi da ya ji takensa daga nesa ya zabura, ba kalma ya ji ba, karin kalmar ya ji.

Masana sun gano cewa dangantakar tana tafiya ta fuska biyu. A 2007 wasu masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun kunna wa mutanen da ba su jin Sinanci wasu gaɓoɓi na harshen, wanda shi ma yana da karin sauti, suka auna yadda ƙwaƙwalwarsu ke bin hawa da saukar muryar. Waɗanda suka daɗe suna koyon kiɗa sun fi sauran kama karin daidai. Ke nan malamin Hausa da malamin kiɗa gona ɗaya suke nomawa, ko da ba su taɓa gaisawa ba.

Me ya sa ake son a fara da wuri

A 2005 wasu mata biyu masana, Erin Hannon da Sandra Trehub, sun gwada jarirai da manya a Arewacin Amurka da kiɗan yankin Balkan na Turai, wanda bugunsa ba ya tafiya a jere ɗaya irin na kiɗan da suka saba ji. Jarirai 'yan wata shida sun gane in an ɓata bugun, ko a kiɗan gida ko a baƙo. Manya kuwa sun kasa ganewa a baƙon. 'Yan wata 12 sun riga sun fara zama kamar manya, amma da aka riƙa kunna musu baƙon kiɗan a gida har mako biyu, sai ganewar ta dawo. Manyan da aka yi wa haka ba su ci gaba sosai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ba ya nufin ɗan shekara 14 ya makara. Yana nufin shi sai ya sa niyya da tsari a abin da jariri ke samu a ɓagas.

Wani malamin goge irin na Turawa a ƙasar Japan, Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998, ya gina hanyar koyarwarsa a kan wannan tunani. Ya lura cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa saboda yana jin sa dare da rana kafin ya furta kalma, don haka ya sa ɗalibansa su riƙa sauraron kiɗan da za su koya kullum a gida, tun kafin su fara buga shi. An yi ta yaba wannan a duniya a matsayin sabon abu, alhali kuwa makaɗan ƙasar Hausa sun daɗe da shi, ba su dai rubuta ba ne.

Tsarin sauraro na mako

Abin da ɗalibi ke bukata bai fi minti 15 a rana ba, amma kullum. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa abin da aka maimaita kaɗan-kaɗan cikin kwanaki ya fi zama a kai bisa wanda aka haɗiye a zama ɗaya. Minti 15 sau bakwai sun fi awa biyu ranar Asabar.

Sharaɗin farko shi ne waƙa ɗaya tak a mako, wadda malami ya zaɓa. Nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa, domin wayar hannu tana ɗauke da ɗaruruwan waƙoƙi, kuma yatsa ba ya haƙuri. Alal misali, a ce an zaɓi wata waƙar Shata. Ranar farko ɗalibi zai manta da Shata gaba ɗaya, ya nemo bugun da ba ya canzawa a ƙarƙashin kiɗan, ya riƙa bin sa da tafi ko da ƙafa har waƙar ta ƙare. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, saboda muryar mawaƙin takan janye hankali. Rana ta biyu sai ya bi kalangu: ina ya hau, ina ya sauka, ina ya bar rakiya ya shiga magana. Ta uku 'yan amshi: a kan wane bugu suke shigowa, kuma me jagora yake yi da ke nuna musu lokaci ya yi. Sai a rana ta huɗu zai koma ga kalmomin, ya duba yadda mawaƙin ke ja ko gutsure gaɓa don ta zauna a kan kiɗa. Mai koyon gurmi ko kukuma zai yi irin wannan da waƙar da ta dace da abin kiɗansa, kuma waƙoƙin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, suna da amfani ga mai farawa, domin a yawancinsu murya ce da kuntigi kawai, babu cunkoso.

Sauran kwanakin na baki ne da hannu. Kafin ɗalibi ya taɓa abin kiɗa, ya fara yin kiɗan da baki, kamar yadda makaɗa ke yi wa yaransu. Abin da baki ya kasa faɗa, kunne bai kama shi ba tukuna, hannu kuma ba zai same shi ba. Bayan haka ya buga, ya ɗauki kansa a waya, ya ajiye sai gobe ya saurara. Mutum yana cikin bugu hankalinsa na kan yatsu, ba ya jin kurensa. Washegari kuwa zai ji shi kamar na wani. Akwai hujjar kimiyya a kan wannan haɗin kunne da hannu. A 2007 masu bincike a birnin Boston sun koya wa mutanen da ba makaɗa ba wani ɗan gajeren kiɗan fiyano cikin kwana biyar. Da aka kunna musu shi suna kwance ba motsi a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sai sassan da ke tsara motsin jiki suka kama aiki, abin da bai faru sosai ba da aka kunna musu kiɗan da ba su koya ba. Watau sauraron abin da ake koyo wani kashi ne na gwajin hannu.

Wani abin lura game da waƙoƙin situdiyo na zamani: kwamfuta ce ke riƙe bugunsu, kuma tun daga 1997 akwai manhajar Auto-Tune da ke gyara muryar da ta kauce. Ba laifi ba ne a ji su, amma wanda bai san wani kiɗa ba sai su, ba zai san yadda makaɗa biyar ke jan juna da sassauta wa juna ba. Don haka in an sami kiɗan fili, ko a gidan biki, ko a ƙofar fadar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma, ko ta Maradin Katsina a Kurfi lokacin wani buki na sarauta, ya kamata ɗalibi ya je da izinin iyayensa, ya tsaya inda zai ga hannun makaɗi, ya zaɓi mutum ɗaya ya bi shi da ido da kunne.

Malamin darasin yana da nasa rabo. Minti biyar na farkon kowane zama su zama na tambaya: me ka ji a wannan mako? Sa'an nan ya juya wa ɗalibi baya, ya buga ɗan gajeren abu, ya ce a maimaita. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fage in aka bar ido yana satar amsa daga yatsun malami, kunne zai yi barci. Malamin kimiyya a makaranta ma yana iya taimakawa da kwalabe biyar da aka zuba wa ruwa daban-daban, a sa ɗalibai su rufe ido su jera su daga mai kaurin sauti zuwa mai siriri.

Kiyaye kunnen kansa

Waɗancan ƙwayoyin gashi na cikin katantanwa, in sun mutu ba su sake tsirowa a jikin ɗan Adam, kuma ƙara mai tsanani tana kashe su. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum kimanin 60 ce. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 game da sauraro ta waya da makamantanta ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, yaro kuma a kan 75. Duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi, ta yadda a kan 92 awa biyu da rabi ne kawai suka rage wa babba a mako. Wanda ya cusa abin sauraro a kunne har na kusa da shi yana jin waƙar, ko ya tsaya gaban lasifika a gidan biki, yana iya cinye rabon makonsa kafin a tashi. Alamar gargaɗi ita ce kunne ya riƙa ƙugi ko ya yi dum bayan an bar wurin. In hakan ya faru, sai a ba shi hutu daga ƙara na aƙalla yini guda, in kuma ya ƙi wucewa bayan 'yan kwanaki, a je asibiti a ga likitan kunne.