Gyaran bindigogi: Ɓoyayyen ɓangaren rikicin gabashin Sakkwato

A duk lokacin da ake batun makaman da ke yawo a yankin Sabon Birni da Isa na jihar Sakkwato, hankali ya fi karkata ga hanyoyin da suke bi su shigo. Ba kasafai ake tambayar yadda suke daɗewa suna aiki ba bayan sun shigo.

Tambayar kuwa tana da muhimmanci, domin bindiga na'ura ce, tana tsufa, tana cijewa, kuma sassanta na lalacewa kamar na babur ko injin ban-ruwa.

Yankin, wanda ke iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar da kuma Shinkafi ta jihar Zamfara, ya sha fama da hare-hare. A watan Mayun 2020 an kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A watan Satumban 2021 kuma 'yan bindiga sun auka wa sansanin jami'an tsaro da ke Burkusuma, inda suka hallaka da dama daga cikinsu.

Akasarin irin waɗannan hare-hare da bindigogi ƙirar AK-47 ake kai su. To sai dai ƙaramar bindigar hannu, wadda ake kira fistol, ita ma tana da nata matsayin, saboda ana iya ɓoye ta cikin aljihun babbar riga a shiga kasuwa da ita ba tare da kowa ya lura ba.

Me ke sa fistol ta cije?

Fistol mai ɗura wa kanta harsashi tana aiki ne da ƙarfin harbin da ta yi. Da zarar harsashi ya fita, ƙarfin zai tura ɓangarenta na sama baya, ya fitar da kwanson da ya ƙone, sannan wani sifirin ya dawo da shi gaba ɗauke da sabon harsashi. Duk wannan na faruwa ne cikin ƙiftawar ido.

Ke nan sassa da yawa ne ke aiki tare, kuma ko ɗaya ya gaza, sauran sun tsaya. Sifirin yakan yi sanyi bayan an daɗe ana amfani da shi. Ƙugiyar da ke janyo kwanso takan lashe ko ta karye. Gidan harsashi kuma, wanda shi ne ya fi faɗuwa ƙasa da shan bugu, yakan lanƙwashe.

Yanayin ƙasar Gobir ma ba ya yi wa ƙarfe sauƙi. Ƙurar hunturu na haɗuwa da mai ta daskare a cikin bindigar, damina kuma ta zo da tsatsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa AK-47 ta fi karɓuwa a daji, domin an ƙera ta da sarari tsakanin sassanta yadda datti ba ya saurin tsayar da ita.

Akwai kuma matsalar harsashi. Fistol ƙirar Makarov ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ƙirar Browning ta Beljiyam duka ana cewa suna cin harsashi mai milimita 9, amma harsasan biyu ba ɗaya ba ne, kuma ba a musanya su. Haka sassan jikinsu: na wannan ba ya shiga waccan.

Shi ya sa rundunonin soja da na 'yan sanda ke da ƙwararrun da aka horar musamman don kula da makamai. Sashen da aka saka bai zauna daidai ba na iya sa bindiga ta tashi da kanta, ko ta fashe a hannun mai riƙe da ita.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake mallakarsu, akwai waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da izininsu, sai kuma bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin na mafarauta.

Fistol na cikin rukuni na farko, abin da mutane da yawa ba su sani ba ganin ƙanƙantarta. Hukuncin mallakarta ba bisa ƙa'ida ba shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Dokar ta kuma hana ƙerawa ko gyara bindiga sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko da izinin hukuma. Ma'anar wannan ita ce, maƙerin da ya gyara wa wani fistol ya saɓa wa doka, ko da bindigar ba tasa ba ce.

Kamfanin ƙera makamai na gwamnati, wato DICON, wanda aka kafa a Kaduna a 1964, hukumomin tsaro yake yi wa aiki. Don haka duk wani kayan gyara da ke hannun 'yan bindiga, ko dai an yi fasa-ƙwaurinsa, ko an ciro shi daga jikin wata bindigar, ko kuma an ƙera shi a maƙera.

Hanya ta biyun ce ke sa harin da ake kai wa sansanonin tsaro ya fi illa fiye da yadda ake zato. Bindigar da aka ƙwace ko da ta lalace ba ta zama yasasshiya ba, domin za a iya farfaɗo da wasu biyu ko uku da sassanta.

Maƙera a tsaka mai wuya

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma tun kafin wannan rikici maƙera ke yi wa mafarauta bindigar toka tare da gyara ta, kamar yadda suke ƙera fartanya da garma.

Wani rahoto da cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta fitar a 2018 ya nuna cewa ƙera bindigogi a cikin gida ya bazu a Najeriya, kuma ƙwarewar wasu maƙeran ta wuce ta bindigar gargajiya nesa ba kusa ba. Ita dai wannan cibiya ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogi fiye da miliyan 6 ne ke hannun fararen hula a ƙasar, yayin da na soja da 'yan sanda ba su kai 600,000 ba.

A nan ne al'amarin ke da sarƙaƙiya. Maƙerin da zai gyara wa ɗan banga bindigar da yake tsaron ƙauye da ita, shi ne kuma ɗan bindiga zai iya nema, da kuɗi ko da barazana. A ƙauyen da babu jami'in tsaro ko ɗaya, cewa a'a ba abu ne mai sauƙi ba.

Kan iyaka

Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sanya wa hannu a Abuja a 2006, ba bindigogi da harsasai kaɗai ta shafa ba, har da sassan gyaransu. A Najeriya kuma, a 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta daƙile yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, aka kuma yi mata doka a 2024.

Amma aiwatarwa ita ce matsalar. Jami'in da ke shingen bincike zai gane bindiga da zarar ya gan ta, alhali sifirin ko ɗan guntun ƙarfe a cikin buhun kayan gyaran babur ba zai ja hankalinsa ba. Ƙari a kan haka, irin waɗannan ƙananan sassa galibi ba su da lambar da za a bi a gano inda suka fito.

Ita kuma Nijar, wadda ƙauyukanta ke kallon na Sabon Birni ta tsallaken iyaka, ta kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025.