Jitar Ƙarfe a Kiɗan Kajun: Baƙuwar da Ta Zama 'Yar Gida

Duk wanda ya taɓa sauraren faifan King Sunny Adé na shekarun 1980 ya san wani sauti mai santsi da ke ratsa tsakanin kalangu da muryoyin 'yan amshi, yana hawa yana sauka ba tare da ya yanke ba. Wannan aikin Demola Adepoju ne a kan jitar ƙarfe, wato jitar da ake kwantarwa a cinya ko a kan ƙafafu huɗu, ana zame wani guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta maimakon a danna su da yatsu. Wannan kayan kiɗa ya yi yawon duniya, amma kaɗan ne wuraren da ya yi kaka-gida irin yadda ya yi a kudu maso yammacin jihar Luwiziyana ta Amurka, wajen mutanen da ake kira Kajun.

Kajun jikokin Faransawa ne da Turawan Ingila suka fara kora daga yankin Akadiya na ƙasar Kanada a 1755. Da yawansu sun ƙare a fadamu da filayen Luwiziyana, inda suka riƙe harshensu da ɗarikarsu ta Katolika da raye-rayensu. Da goge suka fara kiɗa, sai akodiyon ƙirar Jamus ya iso a ƙarshen ƙarni na 19 ya karɓe fage, saboda ƙararsa tana cika ɗakin rawa a zamanin da babu lasifika. Da shi Joe Falcon ya yi faifan Kajun na farko a 1928, Cléoma Breaux tana kaɗa masa jita.

Ita kuwa jitar ƙarfe daga tsibiran Hawayi ta fito, inda ake danganta ƙirƙiro salonta ga Joseph Kekuku. A farkon shekarun 1930 kamfanin Rickenbacker ya fitar da mai amfani da lantarki, makaɗan Teksas suka rungume ta, Bob Dunn ya shiga da ita faifai a 1935. A daidai lokacin ne arzikin man fetur ya haɗa Kajun da mutanen Teksas a wurin aiki, rediyo kuma ya shigo da kiɗansu har cikin gida. Ƙungiyoyi irin su Hackberry Ramblers suka yi tashe ba tare da akodiyon a gaba ba, jitar ƙarfe ta samu ƙofar shiga. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna da ita shi ne Julius Lamperez, wanda aka fi sani da Papa Cairo.

Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin da suka dawo gida suna ƙishin kiɗan iyayensu, sai Iry LeJeune a 1948 da Nathan Abshire a 1949 suka dawo da akodiyon kan kujerarsa. Da ana zaton mai gida ya dawo, baƙuwa za ta tattara nata ya nata. Ba haka aka yi ba. Atlas Frugé ya zauna da jitarsa a ƙungiyar Abshire, Phillip Alleman yana kaɗawa yana waƙa a ƙungiyar Aldus Roger da aka daɗe ana nunawa a tashar talabijin ta KLFY da ke Lafayette, Shirley Bergeron kuma yana yi wa mahaifinsa Alphée. Daga nan tsarin ƙungiyar gidan rawa ya kafu: akodiyon, goge, jitar ƙarfe, jita, bas da ganguna.

Dalilin zamanta yana cikin yadda kayan biyu ke aiki. Akodiyon Kajun maɓallai 10 gare shi a hannun dama, kowanne yana ba da sauti biyu, ɗaya in an ja, ɗaya in an tura. Yana da ƙarfi da tsalle, amma sautukansa ƙidayayyu ne, kuma a yanke suke fita. Jitar ƙarfe ba ta da wannan iyaka. Tana iya tsayawa a kowane gurbi tsakanin sauti biyu, ta ja shi ya yi tsawo har sai mai rawa ya gama juyinsa. A rawar wals mai taku uku, inda waƙoƙin galibi na rabuwa ne da kewa, ita ce ke ɗaukar kukan da mawaƙi ya ajiye. A rawar taku biyu mai sauri kuwa, makaɗin Kajun yakan bi karin waƙar tiryan-tiryan yana tsinka da sauri, yana kwaikwayon tsallen akodiyon. A nan ya bambanta da takwaransa na Nashville, wanda ya fi karkata ga yi wa muryar mawaƙi ado daga baya.

To me ya sa mutanen waje da yawa ba su san ta a matsayin kayan kiɗan Kajun ba? Amsar tana komawa ga 1964, lokacin da Dewey Balfa ya kaɗa a bikin kiɗan gargajiya na Newport, dubban mutane suka tafa masa. Ya dawo gida ya zama jagoran farfaɗo da al'ada, aka kafa hukumar CODOFIL a 1968 don raya Faransanci, aka yi gagarumin taron karrama kiɗan Kajun a Lafayette a 1974. Wannan yunƙuri ya ceto abubuwa da dama, sai dai hoton da ya fi fita waje shi ne na goge da akodiyon da ƙaramin ƙarfen kaɗawa mai kusurwa uku. Masu neman gargajiya tsantsa suna ganin jitar lantarki kamar gurɓatawar Teksas ce. Ke nan kiɗan ya rabu gida biyu: na dandalin bukukuwa, da na talakan da ke fita rawa daren Asabar. Jitar ƙarfe ta tsaya da na biyun.

Har yau a can aka fi samunta. Fred's Lounge da ke Mamou ya shahara da kiɗan safiyar Asabar, La Poussière da ke Breaux Bridge kuma ya yi shekaru da dama yana karɓar masu rawa, inda Walter Mouton da ƙungiyarsa ta Scott Playboys suka daɗe suna kaɗawa. A irin waɗannan wurare, da bukukuwan aure da tarukan Ƙungiyar Kiɗan Faransanci ta Kajun, dattawa da yawa ba sa jin ƙungiya ta cika in babu ita. Matasa ma ba su juya mata baya ba. Andre Michot na Lost Bayou Ramblers, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2018, yana sauyawa tsakanin akodiyon da jitar cinya. Richard Comeaux kuma ya kai jitar ƙarfe mai feda cikin Lil' Band o' Gold, ƙungiyar da ta haɗa salo-salo na kudancin jihar.

Duk da haka, akwai abin da ke rage mata yawa, kuma ba ƙiyayya ba ce. Mai feda tana da tsada da nauyi, sai an harhaɗa ta kafin wasa a warware bayan an tashi. Koyonta na cin shekaru, don hannu biyu da ƙafa biyu da gwiwoyi duk suna aiki lokaci guda. Idan kuɗin wasa bai taka kara ya karya ba, shugaban ƙungiya yakan rage baki, kuma ba zai sallami mai akodiyon ko mai goge ba. Ga shi sansanonin koyar da yara sun fi ba da ƙarfi ga waɗannan biyun.

Saboda haka makomar jitar ƙarfe a wannan kiɗa tana ɗaure da makomar gidajen rawa. Muddin akwai masu biyan kuɗin ƙofa don su taka wals, za a samu mai ɗaukar nauyin makaɗi na shida. Masu kishin al'adar Kajun kuwa, lokaci ya yi da za su sa ta cikin abin da suke koyarwa, don kayan da aka shafe kusan shekara 90 ana rawa da shi ya wuce a kira shi aro.