Kada Makoki Ya Cinye Iri

'Yan'uwa manoma, mun sha ganin wannan a ƙauyukanmu. Maigida ya rasu, baƙi su cika gida kwana da kwanaki, a buɗe rumbu, a yanka awaki, har a ci bashi. Ruwan shuka ya sauka, gwauruwa ba ta da ko iri.

Kuka ba laifi ba ne, Ubangiji ma ya zub da hawaye domin Li'azaru. Amma mu shirya tun da wuri. Ranar jana'iza kowane ɗan ƙungiya ya kawo mudun dawa, kada a taɓa rumbun marigayi. Da damina mu yi gayya a gonarsa. Bayan an watse kuma, mu riƙa leƙa iyalin, gama lokacin ne kewa takan yi tsanani.