Biskit Mai Tsutsa Da Ruɓaɓɓen Ruwa: Abin Da 'Yan Fashin Teku Suka Ci Da Gaske

Duk ranar 19 ga Satumba akwai mutane a Amurka da Ingila da ke tashi da safe su ɗaura jan ƙyalle a ka, su rufe ido ɗaya da baƙar fata, su wuni suna magana da muryar 'yan fashin teku na cikin fim. Wasu abokai biyu ne a jihar Oregon, John Baur da Mark Summers, suka ƙirƙiro ranar a 1995 don raha, abin ya bazu. Masu wannan sha'awa har ƙungiyoyi gare su. Sukan shirya walima, su dafa abin da suke jin shi ne abincin 'yan fashin, su yi ta gardama a kan wace giyar ram ce ta fi kama da ta wancan zamani.

Mu nan ba mu kai can ba. Amma da yawanku kun san Jack Sparrow na fim ɗin Pirates of the Caribbean, wanda kashinsa na farko ya fito a 2003, wasu kuma One Piece suke bi a waya. A fim, ɗan fashin teku kullum cikin nishaɗi yake, kwalba a hannu, cinyar kaza a baki. Shi ya sa muka ce bari mu leƙa gangunan da ke ƙasan jirgin mu ga abin da ke ciki. Daga Garun Mallam zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, amma abubuwa biyu da ake nomawa a yankin nan namu, rake da tumatir, suna tsakiyar wannan labari.

Abincin da ke karya haƙori

Zamanin da ake kira na tashen 'yan fashin teku ya kama daga wajen 1650 zuwa 1730. Babu firji, babu abincin gwangwani. Jirgi mai filafilai yakan yi wata biyu ko fiye bai ga tudu ba, don haka abin da ba ya lalacewa kawai ake ɗauka. Na farko shi ne biskit na fulawa da ruwa, wanda ake gasawa sau biyu ko fiye har ya zama kamar marmara. Sai an jiƙa shi ko an farfasa kafin a iya ci. In ya daɗe, ƙwari da tsutsa su shige shi, mai ci ya ƙwanƙwasa shi a tebur su zubo, wanda bai zubo ba kuma a haɗa da shi. Biskit ɗin kabin da kuke ɓoyewa a akwati jikan wannan biskit ne, an dai sa masa sukari an tausasa shi.

Na biyu nama ne, na sa ko na alade, da aka cusa a gangar katako cikin gishiri. Ga busasshen wake da cuku mai tauri. Sojojin ruwa su ma wannan suke ci, sai dai su ana auna musu kullum. Ɗan fashi kuwa abin da ya ƙwata shi ne cimarsa: yau a yi wadaƙa, mako mai zuwa a koma lasar tukunya.

Akwai abin da zai ba ku dariya. A tsibirin Hispaniola, inda Haiti da Jamhuriyar Dominika suke yanzu, wasu mafarauta, yawancinsu Faransawa, sun koyi yadda 'yan asalin yankin ke shanya nama a kan ragar itace, a hura wuta a ƙasa hayaƙi ya busar da shi. Ragar ana ce mata bukan. Da mafarautan suka koma fashi a ruwa, sai sunan ya bi su, aka riƙa ce musu bukaniya. Wato sunan nan da ya riƙa razana jiragen Sifaniya, asalinsa masu banda ne kawai, irin bandar da ake yi wa kifi da nama a garuruwanmu.

In an dace an sauka a tsibiri, sai a kamo kunkurun teku, a kifa shi ta baya a cikin jirgi, ya yi makonni da rai har ranar da za a yanka. A irin wannan rana ce ake yin salmagundi, abincin da masu walimar 19 ga Satumba suka fi so: a yayyanka duk abin da aka samu, nama da kifi da ƙwai da albasa, a zuba mai da ruwan tsami a cakuɗa. Mu da muka san kwaɗo ba za a burge mu da wannan ba.

Yadda rake ya shiga jirgi

Babbar matsala ruwan sha ce. Ruwan da aka zuba a gangar katako, cikin 'yan makonni yake yin gansakuka ya soma wari. Giya marar ƙarfi da Turawa suka saba da ita tana yin tsami a zafin Karebiyan. Barasa mai ƙarfi ce kaɗai ba ta lalacewa, ga ta kuma da arha a tsibiran.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake mazarƙwaila, kamar a ƙasar Maƙarfi, ya ga rabin aikin. A matse rake, a dafa ruwan a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a ƙananan mazubai ya daskare. Masu gandayen rake na Karebiyan su farin sukari suke nema don kasuwar Turai, sai su bar baƙin ruwa mai danƙo ya tsiyaye daga jikin sukarin. Da farko wannan baƙin ruwa kusan shara ne. A tsibirin Barbados, wajen shekarun 1640, aka soma mayar da shi barasa, ita ce ram. Bayan Ingila ta ƙwace Jamaika a 1655, ram ta shiga jiragen sojojin ruwanta. Buguwa ta yi yawa har a 1740 wani babban hafsa, Edward Vernon, ya ba da umarnin a riƙa sirka kashi ɗaya na ram da kashi huɗu na ruwa. Rabon ram ga sojojin ruwan Ingila bai tsaya ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970.

Fim yana nuna kwalbar a matsayin abar ado, amma tarihi ya rubuta abin da ta jawo. A 1720 aka kama jirgin John Rackham, wanda aka fi sani da Calico Jack, a gaɓar Jamaika, ana cikin shaye-shaye, mafi yawan mutanensa ba su iya tsayawa sun yi faɗa ba. An rataye shi a watan Nuwamba na shekarar. Sai Bartholomew Roberts, wanda ya kama jirage ɗaruruwa, ya fi kowa a zamaninsa. Shi an ce shayi ya fi so, kuma a dokokin jirginsa ƙarfe takwas na dare ake kashe fitilu. Duk da haka, ranar 10 ga Fabrairu, 1722, da jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya riske su a Cape Lopez, gaɓar Gabon ta yau, da yawa daga mutanensa a buge suke. Harsashin igwa ya kashe Roberts tun a farkon artabu. Aka kai sauran kurkukun Cape Coast a Gana, aka rataye 52. Baƙaƙen fatar da aka samu a jiragensa kuwa ko shari'a ba a yi musu ba, sayar da su aka yi.

Wa ya noma raken?

A nan ne labarin ya daina ba da dariya. Gandayen raken nan bayi ne daga Afirka suke noma su, su sare, su tura a injin matsa dare da rana. Ram ɗin da aka samu kuma akan loda wani kashi a jirgi a kawo gaɓar Afirka ta Yamma a yi musayarsa da wasu bayin. 'Yan fashi ba su tsaya a gefe ba. Jirgin Blackbeard da ya yi suna, Queen Anne's Revenge, jirgin bayi ne na Faransawa da ya ƙwace a 1717. Shi kuma Roberts, wata guda kafin mutuwarsa, ya tare jirage a tashar Wida, cikin Jamhuriyar Benin ta yanzu. Kyaftin ɗin jirgi ɗaya ya ƙi biyan fansa, sai mutanen Roberts suka cinna wa jirgin wuta da bayi kusan 80 a ɗaure a ciki.

Abin ya zo har gida daga baya. A farkon ƙarni na 19 an kai Hausawa da yawa jihar Bahiya ta Birazil, ƙasar gandayen rake. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a birnin Salvador, kuma a 1835 Musulmin birnin, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da har yau ake karantawa a makarantun Birazil. A ganinmu, duk mai son ya yi ado da hular ɗan fashi ya kamata ya san wannan ɓangaren ma.

Cutar da ta fi igwa kisa

A watan Mayu na 1718 Blackbeard ya tsare mashigar birnin Charleston a Amurka, ya kama manyan mutane ya yi garkuwa da su. Kun san fansar da ya nema? Akwatin magani. Jirgin fashi cike yake da marasa lafiya.

Cutar da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro ita ce wadda Turawa ke kira sikabi. Tana farawa da kasala da ciwon gaɓoɓi. Sai dasashi ya kumbura ya riƙa zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, fata ta yi tabo-tabo, har tsohon rauni da ya warke ya sake buɗewa. Kwamanda George Anson ya bar Ingila a 1740 da mutum kusan 1,900 don zagaya duniya. Fiye da 1,300 sun mutu a hanya, mafi yawa saboda cuta, sikabi a kan gaba.

Dalilin yanzu yana cikin littafinku na bayoloji. Jiki yana buƙatar bitamin C don ya haɗa sinadarin kolajin, wanda ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini. Akuya tana haɗa nata bitamin C a hantarta, ɗan Adam kuwa dole sai ya ci. Biskit da naman gishiri ba su da ko ɗigo, ram ma haka. Wata ɗaya zuwa uku a kan irin wannan abinci ya isa cutar ta bayyana.

A 1747 wani likitan jirgi ɗan Sikotilan, James Lind, ya ɗauki marasa lafiya 12 a jirgin Salisbury, ya raba su biyu-biyu, abincinsu iri ɗaya, maganin kowane rukuni daban. Wasu ruwan tsami, wasu ruwan teku, biyu kuma lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kullum. Lemon ya ƙare cikin kwana shida, amma kafin nan ɗaya ya koma bakin aiki, ɗayan ma ya farfaɗo. Ku lura da dabarar, don ita malamin kimiyya yake nema a wurinku: a daidaita komai, a canja abu ɗaya, a kwatanta. Lind ya buga sakamakon a 1753, amma sai a 1795 rundunar ruwan Ingila ta wajabta ruwan lemo, shekara 42 ana ta zuba gawa a teku.

Miligiram 10 na bitamin C a rana ya isa ya hana sikabi, kuma ɗanyen tumatir ɗaya madaidaici ya fi haka. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya shigo Kadawa da Kura da Bunkure, yankin nan ke noman rani, har a lokacin kakar tumatir kwanduna kan yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan wasu su ruɓe. Abin da muke tsallakewa a bakin titi, guda ɗaya a rana da ya ceci mutanen Anson. Wani abin mamaki ma, asalin tumatir daga nahiyar Amurka yake, kusa da inda 'yan fashin ke yawo, amma Turawan Ingila sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi.

Fataken ƙasar Hausa da ke zuwa Gwanja neman goro su ma watanni suke yi a hanya da kilishi da dakuwa da gari. Sai dai su a tudu suke, suna ratsa kasuwanni da dazuzzukan kuka, kuma garin 'ya'yan kuka, wanda ake kwalba da nono da shi, yana cikin abubuwan da suka fi yawan bitamin C.

Yanzu 'yan makarantar kwana ku buɗe akwatunanku: garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, biskit ɗin kabin, taliyar leda. Duk suna kashe yunwa, amma kusan babu bitamin C a cikinsu, kuma zangon karatu ɗaya ya kai wata uku. Miyar makaranta tana taimakawa, sai dai doguwar dahuwa tana rage bitamin ɗin, haka ma shanya tumatir a rana ya zama kauɗa. Wanda yake a shekarunku yana buƙatar wajen miligiram 65 zuwa 75 a rana don cikakkiyar lafiya. Gwaba ɗaya ta wuce haka, ta ma fi lemon zaƙi. Ɗanyen tattasai da tumatir a kan garau-garau suna ƙarawa, a dai wanke su da ruwa mai tsabta, garin kuka kuma yana iya wata da watanni a leda bai lalace ba. Wanda dasashinsa ke jini in yana goge baki ya je ɗakin shan magani na makaranta a duba shi, domin sau da yawa dattin haƙori ne ke kawo haka, kuma maganinsa daban.