Hawan tsaunin Mambilla da yara: maganin amai a shan shi tun a ƙasa

Duk lokacin hutun makaranta iyaye kan zo kantin magani neman abin da zai hana yaro amai a mota. Idan aka ce mini Gembu za a nufa, nakan tsawaita bayani, domin hanyar ba irin ta Abuja zuwa Kaduna ba ce.

Daga Jalingo a jihar Taraba ana bi ta Bali zuwa Serti, ƙofar gandun dajin Gashaka-Gumti. A Mayo Selbe hawan yake farawa, kwana bayan kwana, har a kai tudu mai tsayin kusan mita 1,600. Gonakin shayi na Kakara da shanu kan koriyar ciyawa sun isa a sha wahalar, amma kafin a gan su cikin yara ya gama juyawa.

Dalili shi ne cikin kunne yana jin motsin mota, ido kuwa yana kan waya yana cewa a zaune ake. Saɓanin nan ke kawo jiri da tashin zuciya, kuma 'yan shekara 2 zuwa 12 sun fi fama. A zaunar da yaro inda zai hangi titi, a karɓe wayar (zai yi kuka, ya fi amai sauƙi), a ɗan buɗe gilashi. Ƙosai da soyayyen nama su jira a sauka.

Kuskuren da na fi gani shi ne ba da magani bayan amai ya fara. Cinnarizine, wanda aka fi sani da Stugeron, ana shan sa awa 2 kafin tafiya, kuma daga shekara 5 ne. Promethazine ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi. Duka biyun suna sa barci, saboda haka maigida ko duk mai tuƙi kada ya taɓa su. Mai juna biyu ta tambayi likita tukuna.

Idan kunne ya toshe a hawa, manya su haɗiyi yawu, jariri a ba shi nono. Sama akwai sanyi sosai da dare, don haka mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba cikin but ba. A sayi gishirin ORS da faracitamol na yara tun daga Jalingo.